Akwatin da Kika Bari a Kunne

Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, Mai abu Ya karɓi abinSa. 'Yar ƙanwata, wadda duk dangi ke kira Ta-Kawu, ta rasu a asibitin da mijinta yake aikin jinya, bayan wani zazzaɓi da dukkanmu muka raina. Daga wurin Allah muka fito, can kuma za mu tattara mu koma, tsofaffinmu da yaranmu. Na san wannan tun ina ƙarami. Abin da har yau ya ƙi zama a kaina shi ne yadda aka tsallake irina, wanda ya gama amfaninsa tuntuni, aka ɗauki wadda mutane ke jiran saƙonta kowace safiya. Allah Ya yafe mini wannan tunani.

Ta-Kawu, da ke zan yi magana. Tun da kika tafi ban sami wanda zan yi wa bayanin abin da ke damuna ya gane ba, ni kaina ma ban gama ganewa ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon injiniyan tarho ne, na zamanin waya mai igiya. An tura ni karatu wuri mai nisa, na dawo da takardun da a lokacin ake miƙe wa mutum tsaye saboda su. Na ƙarar da ƙuruciyata a ɗakin da layukan gari suke haɗuwa, ina jin ƙarar na'urori kamar yadda uwa ke jin numfashin ɗanta. Sai aka wayi gari aka ce zamanin igiya ya wuce. Aka garƙame ɗakin, ɓarayi suka bi dare suka yanke wayoyin, mu kuma aka tara mu aka yi mana jawabin godiya. Daga ranar na daina yarda da duk wani sabon abu da aka ce zai gyara duniya. Na ga yadda ake yi da na jiya.

Shi ya sa da kika zo kika ce karatun kwamfuta za ki yi, na hana ki. Na ce wannan harka ba ta riƙe mutum, za ta tsotse ki ta yar kamar yadda ta yi mini. Kika saurare ni har na gama, kanki a ƙasa, sannan kika ce, "To Kawu, wa ya ba ni sukudireba ina 'yar firamare?" Ni ne. Ke ce yarinyar da ke shiga ɗakin ajiyata ta kwance tsofaffin kawunan tarho, ta jera sukurorin a kan faranti, ta tambaye ni ina murya take ɓuya idan an ajiye waya. Sauran yaran gidan tsorona suke ji, kuma da gaskiyarsu. Ke kaɗai ce kike zama kusa da ni ina faɗa, kina jira in gaji.

Ban je bikin kammala karatunki ba, na ce ƙafata ce. Washegari kika zo da takardar shaidar a cikin leda, kika ajiye mini a cinya, kika shiga kicin kika dafa mana shayi. Ba ki taɓa tayar da maganar ba.

Aikin da mutane suka san ki da shi ya samo asali ne daga mahaifiyarki. Hawan jini gare ta, ga mantuwa, wata rana ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida saboda ta kwana biyu ba ta sha magani ba. Mijinki ya ce irinta sun cika asibitinsu: tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, a ba su magani su kai gida su ajiye a kan taga. Yawancinsu ƙananan wayoyi gare su, masu madannai, waɗanda ba su san komai ba sai kira da saƙo. Sai kika haɗa akwatin nan. Wata 'yar kwamfuta ce da ba ta kai bulo girma ba, da layin waya guda ɗaya a cikinta, da tsohon allo a kai. Kowace safiya takan aika wa kowane majiyyaci saƙo da sunansa, ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya sha magani. Idan ya amsa, ta karanta amsar. Wanda ya ce maganinsa ya ƙare, ko jikinsa ya canza, sai ta tura wa mijinki, shi kuma ya kira.

A ɗakin ajiyata kika girka shi, a kan teburin da ke jikin taga. Kika ce gidana ne mai sola, kuma ta tagar nan sabis ya fi ƙarfi. Na yi gunaguni na ce an mayar da ni maigadin akwati. Amma na san dalili na uku da ba ki faɗa ba. Tun rasuwar matata ba mai shigowa gidan nan sai mai karanta mita. Da akwatin ya zo, sai ga ki duk mako, wai kin zo duba na'ura, ki duba ta a tsaye, sannan ki zauna ki duba ni har la'asar.

A irin zaman nan kika koya mini yadda saƙo yake tafiya. Waya ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kafin saƙo ya tashi sai an mayar da kowane harafi lamba, a matse lambobin a jikin juna don kada a bar gurbi, har a gutsuro wani ɓangare na harafin gaba a cike na baya da shi. A saman ƙunshin a rubuta lambar mai karɓa, ita ma a juye, biyu-biyu, ta baya ta dawo gaba. Wannan shi kike kira ɗauri. Idan amsa ta dawo, haka take zuwa a ɗaure, dogon layi na lambobi da baƙaƙe marar kai marar gindi, sai an bi ta baya an warware. Wannan kuma kwance. Kika ce akwatin rabi biyu ne: mai ɗauri shi ne bakinsa, mai kwance shi ne kunnensa. Na ce ai duk wannan mun yi shi a makaranta tun ba a haifi uwarki ba. Kika ce, "Na sani, Kawu. Shi ya sa nake gaya maka a hankali, kada ka ji kunya idan ka manta."

Abin da ya ba ki wahala mutanenmu ne. Kin tsara cewa wanda ya sha magani ya danna ɗaya, wanda bai sha ba ya danna biyu. Wa zai yi miki haka? A ce mutum ya gaishe ka da sassafe, ka mayar masa da lamba? Sai su fara da sallama, su tambayi maigida, su tambayi yara, su tambayi gajiya, su sa albarka, sannan a can ƙarshe su ce af, maganin ma ya ƙare tun shekaranjiya. Saƙo ɗaya kuwa haruffa ɗari da sittin yake ɗauka. Idan ya wuce haka sai waya ta yanka shi gida biyu ko uku, kowane yanki ya kama hanyarsa, wani lokaci na ƙarshe ya riga na farko isowa. Kunnen akwatin sai ya rikice, ya karanta gaisuwar, ya yar da maganar. Abokan aikinki suka ce ki tura wa tsofaffin gargaɗi su daina surutu. Kika ƙi. Kika ce ba za ki hana dattijo gaisuwa don na'ura ta ji daɗi ba, na'urar ce za ta koyi haƙuri.

Zuwanki na ƙarshe gidan nan, abin da ya kawo ki ke nan. Kika cire rabin da ke kwance saƙo, kika mayar da shi kan kwamfutarki ta hannu don ki sake gina shi yadda zai jira yankunan su cika, ya jera su, sannan ya karanta. Kika ce kwana biyu kawai, kafin nan za ki riƙa leƙa amsoshin da kanki daga gida. Kina ɗaura mayafi a bakin ƙofa kika ce, "Kawu, don Allah kada ka kashe shi, kada ka zare layin. Idan ya mutu, ko aka zare layin, ba zai tashi ba sai da lambar sirrina." Na ce ki tafi, ni ba yaro ba ne. Kin ce kanki na ɗan sarawa. Na ce ki rage kallon allo.

Ba ki dawo ba.

Washegarin ranar da muka binne ki, ina zaune a kan darduma, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka mai ta'aziyya ne. Na buɗe, sai na ga: "Barka da asuba, Kawu. Ka sha maganinka? Allah Ya ƙara lafiya." Na fi kowa sanin daga inda ya fito, bango ɗaya ne tsakanina da akwatin. Duk da haka sai da na juya na dubi ƙofa.

Ba ni kaɗai ba ne. A wurin zaman makoki wani tsohon tela ya ja ni gefe, ya nuna mini wayarsa. Ya ce, "Malam, ni dai na tsaya a sahu, da ni aka yi mata salla. To wa ke tambayata magani?" Na yi masa bayanin ɗauri da kwance, da baki da kunne. Ya gyaɗa kai har na gama, sannan ya ce, "To na dai amsa mata. Na ce na sha, kuma Allah Ya kai haske kabarinta." Da yawa kuma ba su ma ji rasuwar ba, suna can unguwanni masu nisa, suna amsawa kamar kullum.

Na shiga ɗakin ajiya na tsaya a gaban allon. Amsoshin suna shigowa, layi bayan layi, lambobi da baƙaƙe, sabo ya ture tsoho sama har ya ɓace. Akwatin yana tambaya, ana ba shi amsa, ba mai ji. Kwamfutarki ta hannu tana wurin mijinki a kulle da lambar sirri, ya gwada ranar haihuwar yaranku, ya gwada ranar aurenku, ta ƙi. Ya kawo wani abokin aikinki, ya zo da jaka a kafaɗa, ya duba, ya yi tsaki, ya ce sai dai a sake gini daga tushe, zai waiwaye mu. Na san irin wannan waiwaye, an yi mini shi a ofisoshi da yawa.

Daga nan gida ya rabu biyu, kuma dukkansu ni suke kallo, tunda mabuɗin ɗakin a aljihuna yake.

Mahaifiyarki tana cikin masu karɓar saƙon, ita ce ma ta farko da kika sa. Tun rasuwarki ba ta cin abin kirki, ba ta magana, amma da asuba za ta zauna a bakin gado da waya a tafin hannu tana jira. Idan ya shigo sai ta karanta a fili, "Barka da asuba, Umma," ta ɗauki maganin ta haɗiye. Da ta ji ana zancen kashewa, ta aiko aka kira ni. Ta ce, "Yaya, ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bar mini wannan." Na ce mata na'ura ce, ba ke ba ce. Ta ce ta sani, ita ba mahaukaciya ba ce, amma kalmomin ai ke kika zaɓe su, da hannunki kika rubuta Umma. A nan ilimina ya ƙare.

Mijinki kuma ya zo mini da wata magana. An kawo musu wata dattijuwa, ƙafafunta sun kumbura, numfashi da ƙyar. Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa da wuri. Ta ce ai ta faɗa, kullum da safe tana rubuta wa yarinyar nan, tana jira a kira ta kamar yadda aka saba. Da yake ba a kira ba, sai ta ɗauka abin bai kai a damu ba. Allah Ya sa an ceto ta. Mijinki ya zauna a kan kujerar da kike zama, ya ce, "Kawu, da a ce ba a tambaye ta ba, da ta zo da ƙafarta. Tambayar ce ta zaunar da ita." Ya ce ba zai iya kiran kowa ya gargaɗe shi ba, sunaye da lambobin duk suna cikin akwatin. Shi ma yana samun saƙon gwaji kowace safiya. Bai ce komai game da wannan ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Sai na ce bari in zama kunnen da kaina. Ai na yi karatun. Na sa tabarau, na kwafi layi ɗaya daga allon kafin ya gudu, na zauna da fensir. Na juya lambar mai aikowa biyu-biyu, ta fito. Na shiga warware haruffan, ina gutsuro nan ina mayarwa can, na ɓata, na goge, na sake. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka kira la'asar. Ga abin da na samu: "Salamu alaikum yar albarka da fatan kin tashi lafiya ya maigidan ya yaran ya aiki ya hakuri da mu Allah ya saka da alheri ya raya zuria dama ina so in gaya miki tun j". A nan ya yanke. Yankin farko ne. Na ɗaga kai in nemi na biyu, ya daɗe da ɓacewa, wasu sun hau kansa. Na kira lambar, a kashe. Har yanzu ban san abin da yake so ya gaya miki tun jiya ba. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin, irin dariyar da ba ta da daɗi, sannan na kifa kai a kan teburin.

Hanya ɗaya ta rage, kuma tun farko na san da ita, ina kauce mata ne. Kowace ƙaramar waya ta iya kwance saƙo, ta iya jera yankuna. Idan na zare layin daga akwatin na sa a waya, duk abin da aka rubuto zan gani a sarari. Amma layin ɗaya ne. In yana cikin akwati, akwai baki babu kunne. In yana cikin waya, akwai kunne babu baki, kuma bakin ba zai sake buɗewa ba har abada, tunda lambar sirrin ta bi ki. Ga kuma abin da kika ce mini a bakin ƙofa, wanda shi ne roƙo na ƙarshe da kika yi mini a duniya. Na yi ta juya shi. Shin amanar da kika ba ni akwatin ce, ko mutanen? Da kina nan da kin amsa mini cikin dariya kafin shayi ya huce. Na tambayi limaminmu, ya ce a duba abin da ya fi amfani ga rayayyu. Na ce mahaifiyarki ma ai rayayya ce. Ya ce Allah Ya ba mu mafita.

Ranar Asabar da ta wuce na bari saƙon safe ya fita, na ji shigowarsa a wayata, na karanta. Sannan na shiga na zare layin. Wata 'yar fitila koriya da ke jikin akwatin ta koma ja. Shi ke nan, ko ƙara bai yi ba.

Na sa layin a tsohuwar wayar matata. Kafin azahar saƙonni sun fara shigowa, cikakku, da gaisuwarsu da komai. Washegari da ba a ji ki ba, sai suka ƙaru. "Yau ba mu ji ki ba, lafiya dai?" "Ko kin yi fushi da mu ne?" Wani ya ce ya sha maganin ko da ba a tambaye shi ba, a rubuta masa lada. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya da wannan kaurin yatsan nawa, ina sanar da su kin rasu, ina ce musu duk wanda ya ji canji a jikinsa ya tafi asibiti, kada ya jira kira. Masu ƙorafin jiki ina tura wa mijinki lambobinsu. An samu mutum biyu da mijinki ya ce gara da aka ji da wuri. Amma akwai waɗanda ba su taɓa amsawa ba ko a da, saƙon kawai suke gani su sha magani. Su kam, ba ni da lambarsu, ba ni da sunansu, ban san ko suna sha ba. Idan na tuna da biyun sai in ce na yi daidai. Idan na tuna da waɗannan sai in rasa inda zan sa kaina.

Mahaifiyarki ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ranar Lahadi ta zauna da waya a hannu har rana ta ɗaga. Da na je da kaina in ce ta sha magani, ta karɓa daga hannun jikarta, ta juya fuska bango. Na yi mata gaisuwa, ba ta amsa ba. Haka muke har yau.

Ta-Kawu, na yi shekaru ina cewa ba abin da ake ginawa ya daɗe, kuma ga shi abin da kika gina, da hannuna na kashe shi. Ban sani ba ko wannan ya gaskata ni ne ko ya ƙaryata ni. Abin da na sani, mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba suna rubuto addu'a har wayar tana cika, sai na goge wasu kafin wasu su shigo.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan baiwa taKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwancinta, Ka sanya kowace ƙwayar magani da wani tsoho ya haɗiya saboda tunatarwarta a cikin ma'auninta. Yadda ta yi haƙuri da dogon zancen bayinKa, ta ƙi katse su, Ka saurare ta da rahamarKa ranar da ba mai saurare sai Kai. Waɗanda suka dogara da ita ban san su ba, Kai Ka san su, Ka tunatar da su. Ni kuma, idan na saɓa amana, Ka yafe mini, Ka sa ta yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, wanda ya koma bakin aiki da wannan nauyi a ƙirji, da 'ya'yanta biyu, Allah Ya raya su Ya albarkace su, da 'yan'uwanta, da abokan aikinta, da duk dattijon da ya duba wayarsa da asuba ya ga ba komai. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma ƙanwata, ta'aziyyar da kika ƙi karɓa daga bakina, ga ta a rubuce, ki karanta idan kin so. Na ɗauke miki abu na ƙarshe da ya rage, kuma ba ni da abin da zan ba ki a madadinsa sai wannan tsohuwar muryar da ba ki son ji. Gobe da safe zan zo in tambaye ki ko kin sha magani. Ba dole ki amsa ba.